Cokalin da Kawu Ya Bar Mini

Ranar da muka dawo daga binne Kawu, falon Mama a Salford ya cika har mutane suna zama a kan matakala. Matan zumunta sun kawo kuloli sun jera a kicin. Wasu ɗalibai Musulmi na unguwar Rusholme su biyar suka zo, suka cire takalma a bakin ƙofa, suka durƙusa gaban Mama suka ce Allah ya ba da haƙuri. Ɗayansu ya ce shi bai ma san Baba yana ƙera jirgin ruwa ba. Abin da ya sani, wani dattijo ne ya zo flat ɗinsu da bokiti da buroshi ya liƙe musu bahon wanka da ya tsage, bayan mai gidan ya yi wata uku yana cewa gobe, kuma ko shayi bai tsaya ya sha ba.

Wata a cikin matan coci ta ce, "Ni warin nan ne ba zan manta ba. In ya zauna a bencin gabanki, har fasto ya sauko kina ji kamar an buɗe gwangwanin fenti."

Aka yi dariya irin ta gidan rasuwa, wadda ba ta daɗewa. Mama, wato matar Kawu, ta dubi hannuwanta a kan cinya ta ce, "Shekara arba'in ina kakkaɓe faiba, zaren gilashin nan na aikinsa, daga rigunansa, tana yi mini ƙaiƙayi. Kullum ina cewa yaushe zan huta. To ga shi na huta."

Sai babban ɗan Kawu, wanda ke zaune a Birmingham, ya jawo ni gefen firiji ya nuna mini takarda. Council ce, wato hukumar gari, ta rubuto. Garejin da Kawu yake haya a bayan layinsu da sunansa yake, tunda mai sunan ya rasu, a kwashe kaya a mayar da makulli kafin ƙarshen wata. Kayan kuwa abu ɗaya ne, jirgin da Kawu ya yi shekara bakwai yana ginawa, wanda bai taɓa taɓa ruwa ba.

"In ba wanda ya ɗauka, zan yanka shi gunduwa-gunduwa in kai tip, wurin zubar da shara," in ji shi. "Ba ni da inda zan sa shi. Ba ni da ƙarfin ma yin tunaninsa."

Ban ga laifinsa ba. Dukanmu mun gaji. Wata huɗu muna zirga-zirgar asibiti.

Ni 'yar ƙanwar Kawu ce. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya tsaya a maimakon ubana ranar aurena. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma duk wanda ya san ni ya san in ba coci ko kasuwa ba, to ina kicin. Ban iya tsara tarihin mutum ba, wannan shekara ya yi kaza, waccan ya yi kaza. Abin da na gani da abin da na ji zan faɗa, don jikokinsa Turanci suke yi ta hanci, kuma ina tsoron nan gaba abin da za su riƙe game da shi bai wuce cewa kakansu yana wari ba.

Uban Kawu masassaƙin kwale-kwale ne a bakin Binuwai. Kawu ya zo nan da niyyar karatu, karatun bai yiwu ba, sai ya faɗa wani kamfani a gefen Birmingham da ke yin jiragen faiba, irin masu dogon sanda da ƙyalle, waɗanda iska ke turawa. Yakan ce a duk ƙasar nan da wuya a sami garin da ya fi wannan nisa da teku, amma a nan Bature ya ga dama ya kafa gidan jirgi. Ya yi shekara talatin a wurin. Jirage nawa suka fita daga hannunsa, shi ma bai ƙirga ba, kuma ko ɗaya bai taɓa shiga a kan ruwa ba. A bayan babbar mota suke tafiya. Sai ya fito bakin get da kofin shayinsa ya bi su da ido har su sha kwana, ya koma ciki ya fara wani.

In kika zauna da shi minti goma, sai kin koyi yadda ake yin jirgi ko ba ki tambaya ba. Akwai mazubi, kamar ƙaton baho mai siffar jirgin. A goge shi da kaki har ki ga fuskarki. A fesa fenti a ciki. Sannan a shimfiɗa tabarmar faiba, a jiƙa ta da resin, wani abu mai kaurin zuma da warin da ke hawa kai, a bi da rola a matse iska ta fita. A sake shimfiɗa wata, a sake matsewa. Haka har jikin ya yi kauri ya bushe, a ɓamɓaro shi daga mazubin.

"Kafinta fenti yake sawa a ƙarshe, ya rufe laifinsa," haka yakan ce. "Mu da fenti muke farawa. Tun jirgi bai zama jirgi ba ya riga ya yi kyau. Laifin, in akwai, yana can tsakiya inda ido ba ya kaiwa."

Laifin da yake nufi iska ce. In mai rola ya yi gaggawa, ko hannunsa ya gaji, sai iska ta maƙale tsakanin shimfiɗa biyu. Daga waje sumul. Sai ranar da igiyar ruwa ta daki wurin.

Ya ba ni labarin rigimarsa da mai zanen jiragensu ya fi sau ashirin, kuma kowane karo mai zanen yana ƙara tsawo da jan fuska. Jirgin da suke yi, an ce na tsere ne kuma na yawon iyali. Mai zane yana son shi shafal don ya yi gudu. Kawu kuwa sai ya faki ido ya ƙara shimfiɗa ɗaya a gindi, wurin da ake ɗaure nauyin da ke hana jirgi kifewa. Ranar da aka ɗora wani a ma'auni aka ga ya zarce, mai zane ya sauko daga ofis da takarda a hannu yana faɗa. Kawu ya bari ya gama, ya ce masa, "Kai don mutumin da zai ci kofi kake zane. Ni don matarsa nake aiki, wadda ke zaune a ciki tana riƙe da yaro." Aka ja masa kunne a rubuce. Ya ce bayan haka ya daina ƙara shimfiɗa guda, ya koma ƙara rabi.

Da kamfanin ya rufe, suka dawo Salford kusa da mu. Mun ɗauka zai zauna ya miƙe ƙafa. Wata biyu ya yi yana bin Mama daga ɗaki zuwa ɗaki yana gyara abin da bai lalace ba, har ta ce ko ya nemi abin yi ko ita ta nemi wurin zuwa. Sai ya karɓi gareji. Ya zana jirginsa a bayan ragowar takardar bango, ya manna a jikin garu. Ɗan madaidaici ne, da ƙyar ƙofar garejin ke rufuwa a bayansa, yana da ɗan ɗaki a gaba da mutum biyu za su fake wa ruwan sama. Ya ce zai yi tsere ranar Asabar, ya ɗauki Mama ranar Lahadi bayan an tashi coci. Mama ta ce ita ko a tiram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, in ya hau gada rufe ido take yi. Shi ya haɗa mazubinsa da katako, shi kaɗai, a hankali, don resin ba ya son sanyi, ƙasar nan kuwa rabin shekararta sanyi ne.

Yadda na shiga aikin, ba da niyya ba ne. Wata rana na kai masa tuwo a kula, na same shi yana bin jikin jirgin da bayan cokalin shayi, yana ƙwanƙwasawa, ya karkata kai kamar kaza. Ƙarar injin gurza ta cinye masa kunne tun a Birmingham. Ina ajiye kular na ce, "Kawu, koma baya kaɗan. Can ya yi wata murya."

Ya juyo. "Me kika ce?"

Na ɗaga murya. "Na ce wurin can ba ya magana kamar sauran!"

Ya koma ya buga. Ko'ina yana cewa tak, tak, a tsaye. Wurin nan kaɗai ya ce ɓuk, kamar tukunyar ƙasa mai ɓoyayyen tsagu. Mahaifiyata ba ta taɓa sayen tukunya ba sai ta sa ni na ƙwanƙwasa mata, ashe abin ya zauna mini. Kawu ya zagaye wurin da alli, ya gurje, ga rami kamar tafin jariri. Ya tsaya yana kallona, sannan ya goge cokalin a rigarsa ya miƙo mini.

"Duk surutun nan naki, ashe kina ji."

Daga ranar, duk sashen da ya gama sai ya bugo waya. Ba gaisuwa, ba komai. "Kawo kunnenki." In bar miya a wuta kaɗan-kaɗan, in je in bi jirgin taku-taku, shi yana biye da ni da alli. In na gama ya karɓe cokalin ya mayar aljihun gaba. In ban sami komai ba ya ce ban saurara da kyau ba. In na samu ya ce ina neman ɗan tsoho da sharri. Amma bai taɓa barin da'irar alli ta kwana biyu ba a gurje ta ba. Na taɓa ce masa wani wurin bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a bar shi mana. Ya ce, "Ruwa ba ya raina ƙofa." Shi ke nan maganar.

Kunnen nan dai shi ya raba mu. A shekarar ƙarshe na fara jin wani abu a numfashinsa, wani siririn fito a ƙarshen kowane tari, kamar buta ta kusa tafasa. Na yi masa magana, ya ce ƙura ce. Na sake yi, ya ce in ji da jirgi. Sai na kira ɗansa a Birmingham na faɗa masa. Ɗan ya zo ya ja shi wurin GP, likitan unguwa, GP ya ce babu shi babu ƙurar faiba, ɗan ya sa wa garejin sabon kwaɗo ya tafi da makullin. Kwana uku Kawu ya yanke kwaɗon ya sa nasa.

Na je da tuwo ranar, bai karɓi kular ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Na ba ki cokali ki saurari jirgi," ya ce. "Ban ce ki saurare ni ba."

Bai sake kirana ba. Muna haɗuwa a coci, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa lafiya lau, ya tambayi yara, ya wuce. Wata takwas. A cikin watannin nan ne ya rufe gindin jirgin, wurin da ya yi rigima da mai zane a kansa, shi kaɗai, da kunnen da ba ya ji da hannun da ya fara rawa. Har yau in aka mayar da ni baya zan sake ɗaga wayar nan. Amma wata takwas ɗin ba su dawowa, kuma da ya kwanta asibiti bututu ne a hancinsa, maganarmu ba ta wuce sannu da yauwa ba.

Kwana biyu bayan jana'iza Mama tana kwance jakar da aka dawo da ita daga asibiti, ta ciro cokalin a cikin safa. Ta ce, "Ya ce a ba ki."

"Ya ce me kuma?"

"Bai ce komai ba. Kin san shi."

Na gane abin da ake nufi, amma na sa cokalin a jaka na yi mako ban leƙa garejin ba.

A wurin jana'izar akwai wani tsohon Bature da ya tsaya can baya, hularsa a hannu. Tare da Kawu suka yi aikin rola a Birmingham. Yanzu yana taimakawa a wani kulob da ke koya wa matasa tuƙin jirgi a wani tafki. Shi ya ce zai zo ya duba, in jirgin ya yi, kulob zai karɓa. Ya zo ranar Asabar da safe da tirela a bayan motarsa, saura kwana tara wa'adin council. Ɗan Kawu ma ya zo, da injin gurza na aro a but ɗin motarsa, don in Bature ya ce a'a a gama a ranar.

Ni da ɗan Kawu taubasai ne, tun da na zo ƙasar nan ba ma ganin juna mu yi shiru. Yana ganina ya ce, "A'a, uwar kicin! Wa ya ba ki biza kika fito?"

Na ce, "Wanda ya ba ka tumbin nan. Matsa in wuce, Bature."

Ainihin Baturen kuwa ya zagaya jirgin sau biyu yana shafa shi da tafin hannu. Ya leƙa ciki, ya duba zanen da ke bango. Turancinsa mai sauri ne, amma na tsinci abin da ya ce, cewa ko daga nesa zai gane hannun wa ya yi wannan, kuma ya san an ƙara rabi a gindi. Ya ce za su karɓa. Ɗan Kawu ya sauke numfashi irin wanda ban ji ya sauke ba tun asibiti, ya tafi jawo tirela.

Da na yi shiru da an gama. Na tsaya jakata a hammata, ina jin cokalin a ciki kamar garwashi. Sai na ce a ba ni kwali.

"Kwali kuma na me?"

"Zan shiga ƙarƙashi."

"Ke? Wa zai ɗago ki? Ban zo da kuren ɗin ɗaga kaya ba fa."

Na shimfiɗa kwalin na kwanta rigingine, gwiwoyina suna ƙara, na ja jiki ƙarƙashin jirgin da ke kan ƙafafun katako. Na fara daga gaba. Tak, tak, tak. Ina bugawa ina roƙon Allah a zuci kada in ji komai. Na wuce tsakiya lafiya. Na zo daidai wurin da nauyin zai rataya, ta hagu, sai ya ce ɓuk. Na matsa na dawo. Ɓuk. Na bi gefensa a hankali, faɗinsa ya kai faranti.

Ɗan Kawu ya tsuguna, ya rage murya, ya koma Hausa tsantsa don kada baƙo ya ji. "Don Allah ki fito. Mutumin nan ya ce ya karɓa. Shi ne gwani, ba ke ba."

"Shi ma kunnensa injin ya ci."

"Kin san in ya fasa, yau ɗin nan zan yanka shi? Aikin babana na shekara bakwai. Ke za ki sa."

Na sani. Ina kwance ina kallon farin cikin jirgin, sumul, babu tabo ko ɗaya, hawaye yana gangara mini cikin kunne. Na tuna 'ya'yan mutane ne za su shiga. Na ce, "Miƙo mini alli. Yana kan taga, cikin gwangwanin madara."

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tashi ya kawo. Na zagaye wurin.

Baturen ya durƙusa da ƙyar, ya karɓi cokalin, ya kara kunnensa a jikin jirgin ya buga, ya buga. Ya miƙe yana girgiza kai. Ya ce da a wani wuri ne da sauƙi, amma a nan ba zai sa yaran mutane a kai ba, kuma kulob ba shi da mai gyara, shi kuwa kafaɗunsa sun daina ɗaga inji. Abin da zai iya, ya zauna a kujera ya nuna, in akwai mai hannu. Ya dubi ɗan Kawu. Ɗan Kawu ya dubi ƙasa.

"Ni aikin ofis nake yi," ya ce. "Ban taɓa riƙe rola ba. Warin ma na tsana tun ina yaro."

Ya fita. Na ji ya buɗe but. Ya dawo da injin a hannu, ya tsaya a ƙofar garejin, ni har yanzu ina ƙasa ban iya tashi ba. Ban san wanne zai yi ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Ya sa wayar injin a soket. Sannan ya cire jaket ɗinsa ya rataye a ƙusar da Kawu yake rataye tasa, ya miƙo mini hannu ya ja ni waje, ya ce, "Matsa, kin cika wuri. Iya cikin allin zan ci, ko har waje?"

Kwana shida ya ɗauka daga wurin aiki. Ya kwana a ɗakin baƙin Mama. Baturen yana zuwa da kujerarsa da filas, yana faɗa masa ya rage gaggawa. Karo na farko da ɗan Kawu ya shimfiɗa faiba, aka kira ni, na sami iska, ya gurje ya sake yana kirana mayya. Karo na biyu ma haka. Warin resin ya dawo gidan. Na tarar da Mama a bayan gida tana kakkaɓe rigarsa, tana mita cewa hannunta zai sake ƙaiƙayi, amma ta ƙi ba ni in taya ta.

Karo na uku na kwanta a kwalin nan na bi wurin sau huɗu, gaba da baya. Tak, tak, tak, har ƙarshe.

"Yaya?" in ji shi daga sama.

Na ce, "Goge allin."

Saura kwana biyu wa'adi aka ɗora jirgin a tirela. Ni da Mama muka tsaya a bakin layi muka bi shi da ido har ya sha kwana wajen tashar tiram. Ɗan ya share garejin, ya naɗe zanen bango ya sa a mota, ya kai makulli.

An gayyace mu ranar da aka sa shi a ruwa. Mama ta ce ba za ta iya ba, ni kuma ban bar ta ita kaɗai ba. Ɗan ne ya je, har ya shiga, ya turo mana bidiyo. Hoton yana rawa, ba a ganin komai sosai sai farin ƙyalle da tumbinsa cikin rigar ruwa. Mama ta kalla sau ɗaya ta miƙo mini wayar. Na rufe ido na kara ta a kunne. Ana jin iska, ana jin Baturen yana ba da umarni, a ƙarƙashin wannan duka kuma ana jin ruwa yana dukan gindin jirgin. Na saurara har bidiyon ya ƙare, na sake sawa. Lafiya lau yake amsawa.

Kawu, na saurari jirgin kamar yadda ka ce. Ubangiji ya ba ka hutu, ya buɗe maka kunne a inda kake. Mu da muka rage, ya ba mu ƙarfin ƙarasa namu.